Idon da Ɗan Farina Ya Kafa Min a Bango

Sallama gare ku, masu karanta labaran 'yan mata a shafin nan. Yau tsohuwa ce ta zo, ku matsa min. An ce nan ake kawo kukan saurayi da na iyaye. To ni ma ina da bazawari, ina kuma da mai hana ni, sai dai nawa mai hanawar ni na haife shi.

Sunana Hureira. A Kilomita Biyar nake, nan Bangui, a wani lungu bayan masu canji in ka baro Titin Koudoukou. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin sallah. Tasalla maƙwabciyata mai sayar da atamfa ce ke danna min wannan a wayarta, na kuma gaya mata in ta tausasa min kalma ɗaya don ta yi daɗin ji, ban yafe ba. A tsakar gida muke zaune, da gangan, a ƙarƙashin abin da zan ba ku labarinsa. In yana ji, ya ji.

'Ya'yana uku. Ummuhani tana aure a Njamena, Luqman yana Marwa, sai babbansu, na Duwala. Sunansa ku dakata tukuna, ba abu ne mai sauƙi a bakina ba. Ɗan fari ne. 'Yan matan yanzu da ke ɗaga ɗan fari suna yi masa rawa a waya ba za su gane ba. Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kallon idonsa, ba a zama hira da shi. Ranar da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya kalli ƙasa, ni kuma in kalli bango in amsa wa bangon. In ina da magana da shi sai in ce wa Ummuhani, "Gaya wa yayanki." Yana nan zaune yana ji, amma sai ta maimaita. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a kanta na ga uwata ta rayu. Har ya yi furfura a gemu muna haka, ba wanda ya ce an cuce shi.

Mijina Umaru, Allah ya ji ƙansa, shekarar da aka rufe mu a unguwa aka kashe shi. Neman garin tuwo ya fita. A lokacin wanda ya bi hanyar maƙabarta ba ya dawowa, sai muka haƙa masa a cikin gida, gindin mangwaro. Da manyan motoci suka zo kwasar mutane zuwa Kamaru da Cadi, yaran suka yi ta jan zanena, na ce ban tafiya in bar mutum kwance a gida shi kaɗai. Suka tafi. Gida mai ɗakuna jere, ni ɗaya. In na yi tari gidan ne ke amsa min.

Shekarar da 'yan tawaye suka sake matsowa bakin gari, bayan an lafa, na Duwala ya zo da wani kwali. Ya wuni a kan tsani. Da ya sauko sai na ga wani farin abu kamar ƙwan jimina maƙale ƙarƙashin kwano, da baƙin ido guda a tsakiyarsa. Ya durƙusa a inda ya saba, ya kira Ummuhani a waya, ya buɗe muryar, ya ajiye wayar tsakaninmu. Kun ji dai: muna tsakar gida ɗaya, tafintarmu tana Njamena.

"Ummu, gaya wa Inna wannan kyamara ce. Ina Duwala zan riƙa ganin gidan a wayata."

"Inna, wai ya ce..."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Tambayi yayanki, idon nasa ne zai miƙo ya tsallako iyaka?"

"Gaya mata ta rezo ne, wato hanyar waya. Wancan akwatin mai koriyar wuta akwai sim a ciki, ni zan riƙa sa masa kiredi daga can. Ga sola a rufi saboda kuran, in an ɗauke wuta. Kar ta taɓa komai."

Ummuhani ta ƙara nata, "Don ɓarayi ne, Inna, da yaran nan masu bindiga. Ƙofa kawai take kallo."

Ƙofa kawai. Ku riƙe wannan.

Bayan tafiyarsa ba da daɗewa ba, ina tankaɗe, kaina ba ɗankwali don zafi, sai na ji wani ƙara a sama, gurr, kamar mage na minshari. Na ɗaga kai. Ƙwan jiminar nan ya juyo da idonsa, ya baro ƙofa, ya tsaya a kaina. Wallahi rariya na kifa a kai na ruga ɗaki. Ashe wuya gare ta. Ashe daga Duwala mutum yana shafa yatsa a waya, ita kuma tana waiwaye a Bangui.

Kuma ba shi kaɗai ba. Akwai wasu lambobi da suke cewa kod, wanda aka ba shi ya shiga gidana ke nan ba sallama. Ya ba Ummuhani, ya ba Luqman, ya ba matarsa. Tun ban gane ba har na iya su ɗaya bayan ɗaya, daga yadda wuyan ke juyawa. In ta nufi murhu ta tsaya kan tukunya, Ummuhani ce, tana so ta ga ko na ci. In ta bi igiyar shanya zane bayan zane, surukata ce, ba sai an faɗa ba. In ta yi ta wulwulawa sama da ƙasa ba dalili, jikokina ne suka samu waya. Shi kuwa babban, hanyarsa ɗaya ce. A hankali yake juyawa zuwa gindin mangwaro, ya daɗe a kan kabarin ubansa, sannan ya zo kaina. Da ya iso sai idon ya sauka ƙasa, ya tsaya a ƙafafuna. Ko a cikin na'ura ɗan mutum bai kalli fuskata ba. Wannan kam na ba shi.

Abin da na'urar nan ta fara ci min shi ne gaisuwa. Da, kowace safiya wayata takan yi kuka. Ummuhani ta ce, "Inna kin tashi lafiya? Ya ƙafar? Me za ki dafa?" In yi ta ba ta labarin kaza da na maƙwabta har kiredinta ya ƙare. Luqman ya kira ya yi ta zuba min Sango don Hausarsa ta gudu, in zage shi, ya yi dariya. Yanzu fa? Sai a yi kwanaki shiru. In na gaji na kira, sai ta ce, "Ai mun gan ki ɗazu, Inna, kina shara, lafiyarki ƙalau." To mai tsintsiya a hannu ba ya ciwon zuciya? Sun ga na tashi, sun ga na ci, tambayar ta mutu. Ni ban ga kowa ba. Su suna da uwa a aljihu, ni ina da gurr.

Na taɓa kifa mata faifai na ɗaure da tsumma. Kafin shayina ya tafasa unguwa ta cika ƙofata. Ummuhani tana kuka a waya, ta ɗauka 'yan bindiga sun shigo, Luqman ya tayar da mijin Tasalla daga shago ya zo zai ɓalle min ƙyaure. Na kwance faifan, na ba mutane haƙuri a kan gidana. Kuma kar in ɓoye muku, ranar da aka yi harbi a bakin kasuwa, kowa ya kulle gidansa, ƙarƙashinta na je na shimfiɗa tabarma. Duk sanda ta ce gurr sai in ji kamar wani ya motsa a ɗaki. Har magana na yi mata. Kaɗaici ba abin da ba ya sawa.

Yanzu ga bazawarin.

Malam Nasidi goro yake sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar, wanda motocin Kamaru ke saukewa. Abokin Umaru ne tun suna samari. Matarsa ta rasu a shekarun nan da asibiti ya yi mana nisa, 'ya'yansa suna Garwa. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, in zai yi dariya sai ya sa hannu ya rufe giɓinsa kamar budurwa. Ya fara zuwa ne duba ni, daga nan duban ya zama na kullum bayan la'asar. In ya shigo, kafin ya ce min ƙala sai ya tsaya gindin mangwaro ya yi wa Umaru addu'a ya shafa. Sannan ya zauna a benci, don nan ne kaɗai inuwa a gidan, in zauna a tabarma nesa da shi, ƙofa a buɗe, duk mai wucewa yana ganinmu.

Ranar farko da na ba shi shayi ya kurɓa ya ɓata fuska.

"Hureira, wannan shayi ne ko hukuncin alƙali?"

"Wanda ya zo da bakinsa ya zo da sukarinsa."

Kashegari sai ga shi da sukari ƙulle a leda cikin aljihu, da makala, fanken garin nan, mai zafi a takarda. Ya ce, "Ga haƙƙin baki, ga na tara." Na yi dariya har na ji tsoron muryata, don na manta yadda take. Yakan ba ni labarin kasuwa, wa ya yi faɗa da wa, wane direba ya kwana a shinge. Ni kuma in yi masa ƙorafin gwiwa, ya saurara kamar ana karanta masa labarai. Mutum ne ke tambayata, "Ya kika kwana?" kuma ya tsaya jin amsa.

Eh, na sa kwalli. Tasalla, rubuta, ba kunya nake ji ba. Na fito da atamfar da na ajiye tun bikin Luqman, shuɗiya mai zanen ganye, na turara ta. Takabata na gama tun tuni, ba wanda nake ci wa amana. A ɗaka nake shiri, amma madubin ɗakin ya dushe, sai in fito haske bakin ƙofa in ja kwallin. Na san tana can sama. Na ce a raina, ai masu hankali ne, in sun ga uwarsu da baƙo za su kau da kai.

Ranar da abin ya faru, Malam Nasidi ya zo da farar hula sabuwa. Ya ƙi shan shayi, yana ta juya kofin. Can ya ce, "Hureira, ni da ke mun wuce zagaye-zagaye. Gidana shiru, gidanki shiru. In na ce zan turo manya, wa zan tura wa?"

Na buɗe baki zan ce masa ni bazawara ce, ni ke da ta cewa, sai na ji gurr. A hankali. Gindin mangwaro. Na san ko wane ne. Sai kuma abin da ban taɓa sanin tana yi ba: bangon ya yi magana. Murya a shaƙe kamar daga cikin gwangwani, amma muryarsa ce.

"Baba Nasidi, ina wuni. Gidan nan da mai shi, ga shi nan kwance a bayanka. Magariba ta kusa."

Jama'a, rana tana nan tsaye a kan katanga.

Malam Nasidi ya ɗaga kai ya kalli ƙwan nan. Ya gyara hularsa. Ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ya Duwala?" Ya ajiye kofin a hankali, ya sa takalmansa. Ni kuwa, ni da na taɓa fatattakar yaro da bindiga a kafaɗa da muciya don ya hau min mangwaro, na zauna kamar an ɗinke min baki. Da wa zan yi faɗan? Ba na magana da shi. Babu Ummuhani a kusa da zan ce gaya wa yayanki.

Na bi shi har ƙofa. Ya tsaya bai juyo ba, ya ce, "An kore ni daga gidana na unguwar Miskin da adduna, ban ji kunya ba, don waɗancan ba su san ni ba. Wannan yaron ni na riƙe ragon sunansa aka yanka. Ba na sake taka gidan nan sai bakin da ya kore ni ya kira ni." Ya tafi. Ledar sukarinsa tana nan a kan benci har yau.

Na kira Njamena. Na ce, "Gaya wa yayanki ya ci mutuncin dattijo a gidana. Ya kira shi ya ba shi haƙuri, in ba haka ba ni da shi sai a gaban Allah."

Da yamma na sake kira. "Kin gaya masa?"

"Na gaya masa, Inna."

"Me kika ce?"

"Na ce... kin ɗan ji ba daɗi."

"Ɗan? Ni na ba ki barkono, kika kai masa kunu?"

"Haba Inna, ai ba zan iya faɗa wa Yaya haka ba. Kuma ke ma fa..." Sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Har da kwalli, Inna. Duk mun gani. Matar Yaya ta ciro hoton ta sa a gurup ɗin gida."

Na kashe wayar. Wato ina bakin ƙofa ina jan kwalli, ƙasashe biyu suna kallo suna taɓa juna.

Sai na ce bari in je inda za a iya tsawata masa. Na hau moto zuwa Kokoro wajen Yahuza, ƙanin mijina, wanda yaran ke kira Baffa. Tun ina amarya muke wasa da shi. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, matarmu! Yau gidan miji aka tuna?"

"Matarka tana ɗaka tana fama da kai, ƙaton banza. Ƙara na kawo."

Na zayyana masa komai. Yana ji yana murmushi, yana laluben aljihu. Ya ce, "Ai na ga fitowarki. Kin bar tukunya a buɗe ma, ga kaza can ta hau."

Ya miƙo min wayarsa. Shi ma an ba shi kod.

Ban taɓa ganin gidana daga sama ba sai ranar. Ga shi ɗan mitsitsi a tafin hannun Yahuza. Ga tabarmata guda ɗaya, ga kofi ɗaya a kife, ga benci ba kowa, ga tudun Umaru, ga ƙofofin ɗakuna duk a rufe. Kaza tana cin abincina. Kamar gidan da aka mutu aka watse. Na ce a raina, wannan suke kallo kullum, kuma suke cewa lafiyata ƙalau?

Yahuza ya ce, "Yaron nan kula yake da ke, Hureira. Wasu 'ya'yan tun da suka haye mota ba su waiwayo ba."

"Kula? Kiwo dai. Akuya ake leƙawa a ga ko ta ci dusa."

"To ni me zan ce masa? Ubansa yake kishi. Ki bari ya huce."

"Uban nasa ya aiko ka? Kai sau nawa ka zo kabarin ɗan'uwanka bana? Ko shi ma ta waya kake masa ziyara?"

Ya ce bakina ya yi yawa. Na ce da ma ba a rage min shi ba. Na fito.

Daga nan kasuwa na wuce, layin masu goro. Na tarar Malam Nasidi yana ɗaure kwanduna, rumfar rabi a kwashe. Ya shimfiɗa min buhu na zauna. Ya ce ɗansa na Garwa ya daɗe yana roƙonsa ya koma can, yana ƙi. Yanzu ya amsa. Motocin da suka sauke kaya suna haɗa ayari za su koma, an kama masa wuri a gaba.

"Da ma abu ɗaya ne ya riƙe ni a garin nan," in ji shi, yana kallon igiyar hannunsa.

"Ka san ba na magana da shi, Malam."

"Na sani. Shi ya sa ban ce ki yi ba."

Ya zaɓo farin goro babba ya ba ni. Na ƙulle a bakin zane, ban ci ba.

Na dawo gida na zauna na lissafa masu kai min magana. 'Yata tana tsoronsa, baffansa yana bayansa, ƙaninsa ko Hausar kirki ba ya ji. Ba sauran tafinta. Kunyar nan da na riƙe tun ina yarinya, uwata ta ce ado ce. Ban ƙaryata ta ba. Amma ita ɗan farinta bai taɓa kafa mata ido a bango ba. An yi kunyar ne don kowa ya kau da kai daga kowa. In ɗaya yana kallo ɗaya yana sunkuye, wannan kuma sunansa daban.

Jiya Juma'a. Na san duk Juma'a da hantsi yakan leƙo ubansa kafin ya tafi masallaci. Na yi wanka, na ɗaura shuɗiyar atamfar nan, na ja kwalli har ya fi na kullum, na yafa mayafi. Na je na tsaya tsakanin idon da kabarin. Na daɗe a tsaye, gwiwata tana zagina. Can sai gurr, a hankali. Ya zo neman ubansa ya tarar da ni. Idon ya yi saurin sauka ƙafafuna kamar yadda ya saba.

Sunan nan tun ranar da aka raɗa masa shi a kunne yake kwance a cikina, ban taɓa fito da shi ba, ko a addu'a "yaron nan" nake cewa, Allah ya san wanda nake nufi. Na ce,

"Mahmudu."

Ko kaza ba ta motsa ba.

"Mahmudu, ɗago ka kalle ni."

Idon ya fara hawowa, kaɗan-kaɗan, yana tsayawa, kamar mai hawa tsani da kaya. Zane, mayafi, har ya iso fuskata. Na kalle shi tsakiyar baƙin nan. Muryar ta fito ƙarama, ba irin ta ranar ba.

"Na'am, Inna."

"Ka ga kwalli? Kalle shi da kyau, ba sai matarka ta ciro maka ba. Ni na haƙa ramin nan da mutane, ni na zauna da shi shekarun da kuka tafi, ni ke share masa ganye. Ba kai za ka nuna min inda yake kwance ba. Shi ya mutu, Allah ya ji ƙansa. Ni ban mutu ba, Mahmudu. Ka haɗa ni da shi kana gadinmu da ido ɗaya, kamar mu biyun duk kaburbura ne. Mutumin da ka kora, kafin ya gaishe ni sai ya gaida ubanka. Kai yaushe rabon da ka ce a tambaye ni ya na kwana?"

Na ji numfashinsa a cikin gwangwanin.

"Abu biyu nake so. Ka kira Malam Nasidi da bakinka ka ba shi haƙuri kafin motoci su tashi. Sannan ka mai da idon nan ƙofa inda aka ce min zai tsaya, ka karɓe kod ɗin daga hannun kowa. Wanda ke son ya san ko na ci, ya kira ya tambaya. In ba za ka yi ba, tsanin da ka hau yana nan, kuma taɓaryata tana nan."

Na jira. Can idon ya bar fuskata, ya juya, ya wuce murhu, ya wuce igiyar shanya, ya tsaya yana kallon ƙofa ta saman ƙyaure. Ni kuma na zauna nan ƙasa kusa da Umaru na yi kukan da ban yi ba ranar da motoci suka tafi da su.

Tun daga lokacin ba ta motsa ba. Ba gurr, ba komai. Ban san gida zai iya fin na da shiru ba sai yanzu. Ummuhani ta kira tana kuka, wai, "Inna, da gaske kin kira sunan Yaya? Matarsa ta ce ya shiga ɗaki ya kulle, ko masallaci da ƙyar ya fita." Yahuza ya aiko a gaya min tsufa ya fara taɓa ni. Ba wanda ya ce min an kira Malam Nasidi ko ba a kira ba. Mijin Tasalla ya ce tun safe ake ɗaura tamfol a motoci a bakin titi.

Shi ya sa na kawo muku. Ku da kuka yi karatu, ku gaya min. Na fasa abin da uwata ta bar min, kuma ba a ɗinke shi, sunan da ya fita ya fita. In mutumin ya tafi Garwa, na rasa kunyar, na rasa mai tambayata, na rasa har gurr ɗin da nake zagi. Ni ce na yi laifi? Uwa ba ta da haƙƙin a kau da kai daga gare ta? Kar wanda ya ce min in yi haƙuri, na ƙoshi da shi, shi nake ci tun shekarar da aka rufe unguwa. La'asar ta wuce, ga shayi na dafa na mutum biyu kamar mahaukaciya, ga ledar sukari, ga...

Tasalla, tsaya. Kin ji?

A'a, kar ki ajiye, rubuta. Ta motsa. Ba ta juyo ba, ƙofar take kallo, ta ɗan sunkuya ne kamar mai leƙen lungu. Ga muryar.

"Inna."

Ni yake kira. Ba Ummu ba, ni.

"Inna, ina wuni. Ya... ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Akwai baƙo a ƙofa. Ya ɗan jima a tsaye. Na ce masa bismillah, ya ce sai mai gidan ta ce."

Miƙo min mayafin nan, Tasalla. Kwallin bai zube ba? Ɗauke kofin nan ki ɗauraye, kaza ta sa baki.

"Mahmudu."

"Na'am, Inna."

"Juya idonka bango."

Gurr.